Martani: A Auna Jefferson da Shehu Laminu da Mudu Ɗaya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, wadda ya kwatanta Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu a nan Borno. Malam ya tsaya a kan abubuwa uku. Na farko, Jefferson munafuki ne, tunda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai alhali yana riƙe da bayi, saboda haka duk maganar 'yancin da ya yi yaudara ce da ba ta cancanci a saurare ta ba. Na biyu, Shehu Laminu, wanda suka yi zamani ɗaya, bai san irin wannan tufka da warwara ba, maganarsa da aikinsa a jere suke, kuma bautar da aka yi a ƙasarmu mai sauƙi ce, tunda bawa yana iya zama kacalla, wato jagoran mayaƙa. Na uku, matasanmu su daina karanta abin da Turawa matafiya suka rubuta game da kakanninmu.

Ina girmama Malam, na kuma san kishin Borno ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Amma duk wanda ya taɓa sayen gero a Kasuwar Monday ya san ba a yarda da mai awon da yake da mudun saye daban, mudun sayarwa daban. Malam ya auna baƙo da mudu ɗaya, ya auna na gida da wani. Abin da nake roƙo shi ne a auna su da guda.

Tuhumar da Malam ya yi wa Jefferson gaskiya ce, har ma ya rage. Mutumin da ya tsara takardar ayyana 'yancin Amurka a 1776 ya mallaki mutane fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Biyu ya 'yanta yana raye, biyar a wasiyya. Baiwarsa Sally Hemings, wadda take uba ɗaya da matarsa marigayiya, ta haifi 'ya'ya shida, kuma bayan gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 cibiyar da ke kula da gidansa na Monticello ta yarda cewa hujjoji sun nuna nasa ne. A littafin da ya rubuta kan jihar Bajiniya ya bayyana zaton cewa baƙar fata bai kai farar fata basira ba. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, da bashin da ya haura dala dubu 100, kuma a watan Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 a gidan nan nasa don a biya masu binsa. An raba mata da miji, an raba uwa da 'ya'ya.

Ba kuma za a wanke shi da cewa haka zamaninsa yake ba. A 1791 wani mai arziki ɗan jiharsu, Robert Carter, ya fara 'yanta ɗaruruwan bayinsa. A 1814 wani matashi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya rubuta masa yana roƙon ya jagoranci yaƙi da bauta. Jefferson ya kawo uzurin tsufa, ya ba shi shawarar ya zauna ya riƙe bayinsa da kyau. Coles ya ƙi shawarar, ya kwashi nasa a 1819 ya 'yanta su a hanyar Illinois. Ashe hanya tana nan a buɗe, Jefferson ya gan ta, ya ƙi bi.

Inda muka rabu da Malam shi ne hukuncin da ya ɗora a kan wannan. Gazawar mai magana ba ta mayar da gaskiyar da ya faɗa ƙarya. Jefferson ɗin nan ne ya saka sakin layi mai la'antar cinikin bayi a daftarin takardar 1776, majalisa ta cire shi. Shi ne kuma ya sa hannu a dokar 1807 da ta hana shigo da bayi Amurka daga farkon 1808. Ya san gaskiya, ya faɗe ta, son zuciya da bashi da tsoron jama'arsa suka fi ƙarfinsa. Waɗanda abin ya fi ci wa rai, wato baƙaƙen Amurka, ba su jefar da maganarsa ba. Benjamin Banneker ya rubuta masa wasiƙa a 1791 ya tuna masa da kalmominsa. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya ƙure Amurkawa da su a jawabinsa na 1852. Martin Luther King ya tsaya a Washington a 1963 ya ce takardar nan alkawari ce da aka ɗauka, sun zo karɓar abin da ke cikinta. Da sun bi shawarar Malam sun ce zancen munafuki ne, da sun zubar da makamin da ya fi kowanne kaifi a hannunsu.

Sai mu dawo gida. Babu mai hankalin da zai raina Shehu Laminu. An haife shi wajen 1776 a yankin Murzuk na Fazzan, uba Bakanembe malami, uwa Balarabiya. Yana zaune a Ngala da almajiransa lokacin da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Mai Ahmad ya fice ya bar wa ɗansa Dunama sarauta. Dunama ya nemi taimakon malamin Ngala, aka ƙwato birnin. Da Ibrahim Zaki ya sake kawo hari, shi aka sake kira. Ba don Allah ya kawo shi ba, da taswirar wannan yanki ta zama wata iri.

Babban abin da ya bar mana shi ne wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin jihadin Sakkwato, waɗanda Muhammadu Bello da kansa ya adana a Infaƙul Maisuri. Shehu Laminu bai yi musun cewa akwai ɓarna a Borno ba: cin hanci, cin dukiyar marayu, zaluncin mahukunta, fitar mata ba lulluɓi. Hujjarsa ita ce waɗannan saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da mai salla da azumi daga Musulunci. Irinsu suna nan a Misira da Sham, babu malamin da ya halatta jinin mutanen can ko ya ce a kama su bayi. Ya yaba wa littattafan Shehu Usmanu, sannan ya tambaya me ya sa aikin mabiya ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan. Mu mutanen Maiduguri, da muka binne 'yan'uwa tun 2009 saboda wasu sun kafirta gari sukutum, mun fi kowa sanin darajar wannan hujja. Ta fi shekara 200, kuma har yau babu abin da ya rage na ƙarfinta.

To, tambayar da shi ya yi wa Sakkwato ita ce za mu yi masa, cikin ladabi: aikin ya bi maganar?

An kira shi ne don ya kare gadon sarautar Sefawa, gidan da ya shafe fiye da shekara 700 yana mulki. A wasiƙunsa ya tsaya wa halaccin sarakunan Borno. Amma a 1814 ya gina nasa birnin, Kukawa, haraji da mayaƙa da masu neman alfarma suka karkata can. Da Mai Dunama ya ga mulki yana zamewa daga hannunsa, sai ya haɗa baki da Sarkin Bagarmi, ya rasa ransa a yaƙin da ya biyo baya kusa da Ngala wajen 1820, Shehu ya naɗa ƙaninsa Ibrahim. Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa tare da Clapperton da Oudney a Fabrairun 1823, ya ga fadojin biyu da idonsa. Ya tarar da Shehu a wani ƙaramin ɗaki mai duhu, zaune kan darduma, sanye da shuɗiyar riga da rawani ba ado, dogarai riƙe da ƙananan bindigogi a gefensa. Ya tarar da Mai Ibrahim a nasa birnin cikin wata rumfa mai kama da keji, fadawa sun kewaye shi da manyan rawuna da riguna a kan riguna, ga kaya ga kirari, iko kuwa yana Kukawa. Shehu Laminu bai taɓa kiran kansa Mai ba har ya rasu a 1837. Shekara tara bayan haka, a 1846, ɗansa Shehu Umar ya kashe Mai Ibrahim bayan harin Wadai, gidan Sefawa ya rufe. Ana iya cewa Sefawa sun riga sun gaji, ƙasa tana bukatar hannu mai ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba za a ce wanda ya zo tsaron gida ya ƙare da gidan a hannun 'ya'yansa, sannan a ce babu abin tambaya ba.

Haka batun yaƙi. Wanda ya yi wa Sakkwato wa'azin haramcin jinin Musulmi ya shafe shekaru yana yaƙar Bagarmi, ƙasar da sarakunanta Musulmi ne, har da taimakon mayaƙan Fazzan, kuma an kwashi mutane ganima. A ƙarshen 1826 da farkon 1827, daidai lokacin da ake shirin gwanjon Monticello, rundunarsa ta nausa yamma ta doshi Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare ta. Yana da dalilansa na tsaron iyaka da neman dawo da ƙasashen da Borno ta rasa. Su ma mutanen Sakkwato da dalilansu suka zo a 1808, kuma bai karɓa musu ba.

Batun cewa bautarmu mai sauƙi ce shi ya fi ɓata mini rai, don misalin da Malam ya kawo na kacalla shi ne yake rushe maganarsa. Babban kacallan Shehu Laminu shi ne Barka Gana, jarumin da ke jan dubban dawaki, mai gidaje da bayi nasa na kansa. Denham ya ba da labarin ranar da Shehu ya ba shi wani doki, daga baya ya tuna ya riga ya yi wa wani alkawarinsa, ya aika a dawo da shi. Barka Gana ya ji haushi, ya mayar da duk dawakin da Shehu ya taɓa ba shi. Nan take aka kira shi, aka tuɓe masa tufafi a gaban Shehu, aka ɗaura masa warki, aka ba da umarnin a sayar da shi ga fataken Tubawa. Sai da manyan fada suka faɗi suna roƙo kafin Shehu ya sauko, ya yi kuka, ya yafe masa. Labarin yana nuna taushin zuciyar Shehu, na yarda. Yana kuma nuna cewa mutumin da ya kai ƙololuwar daraja a ƙasa, kalma ɗaya ta ishe ta mayar da shi haja. In haka kacalla yake, ina ga yarinyar da aka kamo daga gindin duwatsun Mandara?

Ita ba fada ake kai ta ba. Hanyarta ita ce ta Kukawa zuwa Bilma, zuwa Murzuk, zuwa Tarabulus, a ƙafa, cikin rairayi, watanni. A wannan hanya, a bakin rijiyar Mishru, Denham ya ce ya ga ƙasusuwan mutane fiye da 100 a warwatse, wasu da sauran fata a jiki, bayin da ƙishirwa da yunwa suka kayar bayan ayari ya wuce. Dawaki da makaman da suka riƙe daular ta wannan hanya suke shigowa, kuma mutane na cikin abin da ake biya da shi. Borno kanta ta san ɗacin abin tun da daɗewa: wajen 1391 Mai Usman bin Idris ya rubuta wa Sarkin Misira Barƙuƙ yana kuka cewa wasu Larabawa suna kama 'ya'yan Borno Musulmi suna sayarwa a kasuwannin Misira da Sham, yana roƙon a nemo su a sake su. Da abin mai sauƙi ne, da bai rubuta ba.

A ƙarshen wannan hanya ne ma labarin mutanen biyu ya haɗu. Yusuf Karamanli, Bashan Tarabulus wanda Jefferson ya yaƙa daga 1801 zuwa 1805, wanda ya tsare ma'aikatan jirgin ruwan Amurka kusan 300, shi ne mai riƙe da ƙofar arewa ta kasuwancin Borno a zamanin Shehu Laminu, shi ne kuma ya haɗa su Denham da 'yan rakiya. Jefferson ya tura jiragen yaƙi don farar fata 300 da ke tsare, yana da ɗaruruwan baƙaƙe a gonarsa. Ta Tarabulus ɗin kuma aka bi da wani ɗan Kukawa, Muhammad Ali bin Sa'id, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1873 ya ce shi ɗan Barka Gana ne. Buzaye suka sace shi yana yaro, aka sayar da shi, ya bi ta Tarabulus da Santambul da Rasha, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a can. Ɗan kacallan Shehu Laminu ya ɗauki bindiga don a cika alkawarin da Jefferson ya rubuta ya kasa cikawa. Yaya za a ce wa matashin Maiduguri labarin nan ba nasa ba ne?

Akwai kuma matan Kukawa. Denham ya rubuta cewa wata safiya an bar ƙofofin gari a rufe, aka kamo mata 60 da ake zargi da lalata, aka yanke wa biyar hukuncin kisa, huɗu bulala, biyu daga cikinsu suka mutu a ƙarƙashin bulalar. Ya ce iyalai fiye da 100 sun tattara sun bar Kukawa saboda wannan. Hukunta mai saɓo bai saɓa wa ƙin kafirta shi ba, wannan na sani. Amma Shari'ar da Shehu ya fi mu sani ta gindaya shaidu huɗu, ta kuma umarci alƙali ya kau da haddi in akwai shubuha. Ƙaurar waɗancan iyalai ta nuna tun a lokacin akwai talakawan da suka ga an wuce gona da iri. Ba ma'aunin wannan zamani muka ɗora masa ba.

Malam zai ce ai duk daga bakin Bature ne, shi ya sa ya hana karanta su. Denham yana da son zuciyarsa da jahilcinsa game da addininmu, kuma a karanta shi da ido buɗe. Amma shi ɗin ne ya fi kowa yabon Shehu Laminu: ya siffanta shi da kwarjini da basira da sauƙin kai, kuma hoton Shehu da muke bugawa a littattafan makaranta daga littafinsa na 1826 aka samo shi. Ba daidai ba ne mu karɓi shaidarsa in ya yaba, mu kore shi in ya faɗi abin da ba ma so. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai Infaƙul Maisuri. Akwai wasiƙun Shehu masu hatiminsa. Akwai aikin Louis Brenner na 1973 kan Shehunan Kukawa, wanda ya dogara ƙwarai da abin da dattawan Borno suka gaya masa da bakinsu. Akwai Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama aka kai Kukawa a zamanin Shehu Umar, wanda ya ba da labarinsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Wannan namu ne, da harshenmu ya yi magana.

Adalci ya sa in faɗi inda suka bambanta. Shehu Laminu bai taɓa shelanta cewa bauta haramun ce ba. Ya rayu cikin fiƙihun da ya yarda da ita bisa sharuɗɗa, don haka ba a kama shi da irin laifin Jefferson na faɗin abu da aikata kishiyarsa a kan wannan batu. Bautar gonakin Amurka kuma an gina ta ne a kan launin fata, ta rufe ƙofar da a nan takan buɗe wa 'yan kaɗan. Amma kowannensu ya ɗaga wata babbar gaskiya sama da kansa, ɗaya daidaiton 'yan Adam, ɗaya alfarmar jini da 'yancin mai kalmar shahada, kuma kowannensu da mulki ya zo hannunsa ya gaza kai wa inda ya nuna. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya sa na damu har na rubuta wannan ba gardamar tarihi ba ce kawai. Jihar nan ba ta Barebari da Shuwa kaɗai ba ce. Akwai Margi da Babur da Kibaku da mutanen duwatsun Gwoza, waɗanda a gidajensu har yau ana tuna zamanin da ƙarar kofaton doki ke sa a gudu kan dutse. Muna zama da su aji ɗaya a Jami'ar Maiduguri, layi ɗaya a Bulumkutu da Gwange. In muka ce musu abin da aka yi wa kakanninsu mai sauƙi ne, mun ce zafinsu ba zafi ba ne, kuma ba a gina zaman tare a kan haka. Sannan a 2014, bayan an sace 'yan mata 276 a Chibok, Abubakar Shekau ya fito ya yi barazanar sayar da su a kasuwa, yana jingina abin ga addini. Yaron da aka raina da cewa kama mutane a da ba wani abu ba ne, da me zai amsa masa? Bauta ba ta gama fita daga dokar Arewa ba sai 1936. Lamarin bai yi nisan da za mu yi kamar ba mu san shi ba.

Ban ce a sauke allon Titin Shehu Laminu ba, ban ce a canja wa El-Kanemi Warriors suna ba, kuma masu neman a zubar da mutumin gaba ɗaya sun faɗa ramin da Malam ya faɗa game da Jefferson. Girman da Shehu yake da shi ya ishe shi ɗaukar gaskiya. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya umarce mu da tsayawa kan adalci da ba da shaida ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, kuma Shehu Laminu malami ne kafin ya zama mai mulki. Ya san ayar.

Don haka ina kira ga Malam ya janye shawararsa ta hana karatu, ya haɗa hannu da mu a nemi akasinta. A fassara wasiƙun Shehu Laminu da amsoshin Bello zuwa Hausa da Barbarci cikin harshe mai sauƙi, a saka su a manhajar sakandare da ta Islamiyya a jihar nan. A gefensu a saka labarin Barka Gana, da na Nicholas Said, da na Dorugu. Malaman tarihi na jami'a su shiga Gwoza da Askira da Chibok su naɗi abin da tsofaffi suka riƙe kafin su tafi da shi. Ɗalibin da ya karanta duka zai ɗauki hujjar Shehu ya ƙure mai kafirta mutane da ita, zai kuma iya duban ɗan ajinsu Bamargi ya ce masa abin da aka yi wa kakanninka zalunci ne, ko da wane ne ya yi shi.